Muhawara: Samanja da ƙaramin hafsa, wa ke riƙe da bataliya?

Ɗan Bariki: Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma na san akwai tsofaffin sojoji a gidan nan shi ya sa na kawo shi. Mahaifina masta waran ofisa ne, furfura ta cika masa kai, tun ban san kaina ba yake cikin kaki, amma yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai zai fito daga NDA, makarantar horar da hafsoshi, da anini ɗaya a kafaɗa sai ka ga Baba ya ƙame yana sara masa. Wallahi abin yana min ciwo. To wai meye amfanin wannan muƙamin nasu in dai har yaron da aka haifa a gabanka shi ne sama da kai? Meye ma aikinsu takamaimai?

Auta: Wa alaikumus salam. Nima dai na sha gani ban gane ba, suna ɗaura wani abu a wuyan hannu kamar agogo ga sanda a hammata, ba igiya ba anini, ni na ɗauka ma 'yan sandan soja ne

Baba Samanja: Wa alaikumus salam ɗana. Ka kwantar da hankalinka, ba a wulaƙanta mahaifinka ba. Ni a wannan kujerar na ajiye kaki don haka abin da zan faɗa maka ba labarin wani ba ne. Soja hanya biyu ce. Akwai wanda ya shigo ta Defot ta Zariya a kurtu, ya zama farabiti, las kofur igiya ɗaya, kofur igiya biyu, saja igiya uku, sitaf saja, daga nan sai waran ofisa, masta waran ofisa, ƙarshen tsanin kuma shi ne AWO, wato Army Warrant Officer, wanda 'yan ƙalilan ne suke kaiwa. Akwai kuma wanda ya shigo ta NDA Kaduna ya fito da takardar kwamishin ta shugaban ƙasa. Sarawar da kake gani wannan takardar ake yi wa, ikon shugaban ƙasa ne a kafaɗar yaron, shi kansa yaron ya san ba don ya fi mahaifinka sanin aiki ba ne. Kuma hafsan da ke da tarbiyya, in ya amsa sarawar to shi zai fara cewa RSM ina kwana, ya gida, don ya san gobe in abu ya cakuɗe masa wajen wa zai nufa.

Ɗan Bariki: Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Amma RSM ɗin shi ne waran ofisa ko daban ne?

Baba Samanja: Ɗaya muƙami ne ɗaya kujera ce. Waran ofisa muƙami ne da kake ɗaurawa. RSM, wato babban samanjan bataliya, kujera ce da ake ɗora ka a kai, mutum ɗaya tal a bataliya, galibi masta waran ne. Kowane kamfani kuma yana da nasa samanjan da ake ce wa CSM, sai mai kula da sito da kayan aiki na bataliya gaba ɗaya wato RQMS. Za ka iya samun waran ofisa da yawa a bariki, wani a gareji, wani a asibiti, wani a sigina, wani babban akawu ne a ofis, wani shi ke jan 'yan badujala, amma mai sanda ɗaya ne.

Manjo Mai Ritaya: Bari in sa baki tunda ni daga ɗaya ɓangaren nake. RSM barka da hutawa. Ɗana, abin da ya faɗa maka haka yake, har ma ya rage. Ranar da ƙaramin hafsa ya isa bataliyarsa ta farko ana ba shi mutum wajen talatin ya riƙe, a cikinsu akwai wanda ya je Laberiya, wanda ya je Darfur, wanda ya yi shekaru a dajin Borno, shi kuma abin da ya sani taswira da littafi da atisayen makaranta. Wa zai koya masa yadda ake magana da irin waɗannan mutanen? Sajansa da samanjan kamfani. Su za su ja shi gefe inda ba kowa su ce Yallaɓai ba haka ake yi ba, kar ka yi wa kofur tsawa a gaban yaransa, kar ka ci abinci kafin mutanenka su ci. Kwamandan bataliya Laftanar Kanar ne, amma mutumin da ke shiga ofishinsa kai tsaye ya rufe ƙofa ya gaya masa abin da ba ya son ji, ba tare da ya bi ta kan kowa ba, RSM ne. Kyaftin ma ba ya samun wannan damar yadda ya ga dama.

Baba Samanja: Yallaɓai na gode, ka faɗi gaskiya.

Gaskiya Ɗaya: Ku yi haƙuri manya amma ni dai ba zan bi ku a wannan yabon ba. Na tashi kusa da bariki kuma ina da 'yan uwa ƙananan sojoji, abin da suke faɗa daban ne. Su a wajensu RSM shi ne mai gadirum inda ake kulle soja mai laifi, mai sa tsallen kwaɗo, mai ihu a filin fareti don an ga gashi ya ɗan fito ko takalmi bai sha mai ba. Yaro zai dawo daga daji wata da watanni bai ga matarsa ba, alawus bai shigo ba, maimakon a tambaye shi lafiya sai a fara da maɓallin rigarsa. In dai har shi ne uban sojoji kamar yadda kuke cewa to me ya sa ƙananan suke ɓuya in sun hango shi??

Auta: gsky wannan ma tambaya ce

Baba Samanja: Tambaya ce mai kyau kuma ba zan kare kowa ba, akwai irin waɗanda ka faɗa, na yi aiki a ƙarƙashin wasu. Amma bari in raba maka abu biyu. Na farko RSM ba ya yanke wa soja hukunci na doka. In soja ya yi laifi ana rubuta cajinsa, RSM ya cire masa hula da bel ya shigar da shi gaban kwamanda, kwamanda ne ke da ikon yankewa. Abin da mutane ba su gani shi ne kafin a buɗe ƙofar nan an riga an yi magana, kwamanda zai tambaya RSM wane irin yaro ne wannan, kuma kalma ɗaya daga bakinka tana iya sa a kore shi ko a yi masa gargaɗi ya koma bakin aiki. In ka san yaron, ka san uwarsa ce a kwance shi ya sa ya wuce ranar fas ɗinsa, sai ka faɗa. In ba ka san shi ba to ka ci amanar kujerar tun kafin a shiga.

Na biyu maganar maɓalli da takalmi. Yaron da ka bari ya saba fitowa ba a duba shi ba, shi ne gobe zai fita sintiri bai goge bindiga ba ta cije masa a lokacin da ake ruwan wuta, shi ne zai yi barci a gadi. Ba takalmin ne damuwarmu ba, so muke jiki ya saba da yin abu daidai ko an gaji ko ba a gaji ba. Amma wanda ya duba maɓalli bai duba cikin yaron ba, bai bi masa alawus ɗinsa ofis ofis ba, wannan rabin aiki ya yi kuma rabin mai sauƙin ya ɗauka.

Maman 'Yan Biyu: Baba sannu da ƙoƙari. Ni matar soja ce, a bariki nake zaune yanzu haka, ku bar ni in faɗi namu ɓangaren don maza ba sa ganinsa. In maigida yana fagen daga wata takwas wata goma ba ka da kowa, famfo ya lalace, rufi yana yoyo, yaro ya kwanta zazzaɓi cikin dare, maƙwabciya ta tsokane ki, wa za ki nema? Magajiya, shugabar matan bariki, za ki samu ita kuma ta kai wa RSM. Mun taɓa samun wani wallahi har cikin layi yake zagayawa da yamma yana tambayar matan da mazansu ba sa nan ko kuɗin cefane yana isowa, in ya ji soja ya daina turo wa iyalinsa sai ya sa a nemo shi a waya duk inda yake. Ranar da aka kawo labarin rasuwar mijin maƙwabciyata shi ya zo da liman da magajiya, shi ya tsaya kan jana'iza, bayan nan shi ya riƙa bin takardun haƙƙin marayun don ita ko karatu ba ta yi ba. Bayan an canza shi aka kawo wani, shi kuma sai dai ka ji an ce a fito shara ranar Asabar wanda bai fito ba a rubuta lambar gidansa. To duk sunansu ɗaya amma wallahi ba ɗaya ba ne.

Gaskiya Ɗaya: To kin ga Hajiya maganata kenan, abin ya koma sa'a, in kun dace da na kirki shikenan in ba ku dace ba ku sha wuya

Malamin Tarihi: Ina bin ku tun ɗazu, bari in ɗan koma baya don Ɗan Bariki ya san gidan da mahaifinsa ya gada. A zamanin Turawa baƙar fata ba ya zama hafsa a rundunar nan, sai wajen 1948 da 1949 aka fara ɗora wa 'yan ƙasa anini. Kafin nan ƙololuwar da ɗan ƙasa zai kai ita ce samanja. Hafsoshin Turawa ne, suna zuwa su yi 'yan shekaru su tafi, da yawansu Hausar ma sai sun koya don da ita ake magana da sojoji, to wa ke riƙe da rundunar in ba samanjoji ba? Ku duba Chari Maigumeri. Ya yi soja a wajen Jamusawa a Kamaru lokacin yaƙin duniya na ɗaya, Ingilishi suka kama shi, daga baya a 1917 ya shiga rundunarsu, ya zama RSM na bataliya ta uku, ya yi yaƙin Habasha ya yi na Bama, ya ajiye aiki a 1953 aka ba shi kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi har yau. A Gana kuma akwai Alhaji Grunshi wanda ake cewa shi ya fara harba harsashi a ɓangaren sojan Ingila a yaƙin 1914, a Togo, shi ma ya kai RSM. Aguiyi Ironsi kansa farabiti ya shiga a 1942, ya riƙe samanjan kamfani kafin ya zama hafsa a 1949.

Ɗan Bariki: Allahu akbar, Malam ban taɓa sanin Maigumeri samanja ba ne, na ɗauka wani Janar ne

Na Maraɗi: Assalamu alaikum, mu nan Nijar tsarin Faransa muka gada, babu waran ofisa da sunan nan, amma akwai ajidan da ajidan shef, su ne manyan ƙananan hafsoshi. Kuma wani bambanci, mu akwai makaranta a Agadas da yaro mai takarda zai shiga kai tsaye ya fito saja ba sai ya fara daga farabiti ba. Amma maganar ɗaya ce, in ka shiga kampani ka ga abubuwa na tafiya daidai to ka tambayi wane ne ajidan ɗinsu. Liyatna sabon fitowa ba ya motsi sai ya ji ta bakinsa.

Auta: To ni a finafinan Amurka ina ganin waran ofisa yana tuƙa helikwafta kuma ana sara masa, ya abin yake?

Manjo Mai Ritaya: Nasu daban ne ƙanena. A Amurka waran ofisa aji ne mai zaman kansa tsakanin ƙananan sojoji da hafsoshi, mataki biyar ne, ƙwararru ne a fanni guda kamar tuƙin jirgi ko leƙen asiri ko gyaran makamai, kuma ana sara musu. Aikin da namu RSM yake yi, a can sajan manjo ke yinsa. Mu tsarin Ingila muka ɗauko shi ya sa namu ba a sara masa, ƙamewa ake yi a ce masa sa.

Amma ina so in dawo kan maganar Gaskiya Ɗaya don bai kamata a wuce ta ba. Ku tuna abin da ya faru a barikin Maimalari a Maiduguri a watan Mayun 2014, sojoji suka buɗe wuta wajen motar kwamandan runduna ta 7 bayan an kawo gawawwakin 'yan uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa a watan Satumba na shekarar, daga baya aka mayar da shi ɗauri. Ba ina ɗora wa wani mutum laifi ba, kuma tawaye ba shi da uzuri a soja. Abin da nake cewa shi ne fushi irin wannan ba a dare ɗaya yake taruwa ba. Yana farawa da gunaguni a layin abinci, a wajen gadi, a mami maket. Duk tsarin samanja an gina shi ne don wannan gunagunin ya isa kunnen kwamanda tun yana gunaguni. In ya kai ga harbi to ko dai ba a kai maganar sama ba, ko an kai ba a saurara ba, kuma na biyun laifinmu ne mu hafsoshi.

Baba Samanja: Yallaɓai ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Wallahi abin da ya fi wuya a kujerar nan ba faretin ba ne, fareti kowa zai iya koya. Abin da ya fi wuya shi ne ka tsaya gaban mutumin da ke rubuta rahoton ƙarin girmanka ka ce masa Yallaɓai yaran nan sun gaji, sun wuce lokacin da ya kamata a canza su, harsashin da aka ba su bai kai ba, motar nan ba za ta kai su ba, in ka tura su haka za a samu matsala. Ka faɗa a cikin ofis da ladabi, in ya ji alhamdulillahi, in ya ce a tafi haka to ka fito ka tara yaran ka ba da umarnin kamar daga zuciyarka ya fito, ba za ka taɓa nuna musu kun saɓa ba, kuma ka shiga motar tare da su. A fagen daga samanja ne ke bin harsashi da ruwa da abinci su isa gaba, shi ke kwaso wanda aka harba, shi ke ƙirga mutane bayan an lafa ya san wa ya dawo wa bai dawo ba. Wasunmu sun zaɓi su zama 'yan amshin shata, kullum ba matsala sa, komai lafiya sa, don kar a ɗauke su daga kujera. Irin waɗannan su suka jawo mana zagin da Gaskiya Ɗaya yake yi kuma ban ga laifinsa ba.

Gaskiya Ɗaya: Baba ni ba zagi nake ba wallahi, ka yafe ni in ya yi kama da haka. Amma ka ga ai tsarin ne ya sa su haka. Mutumin da kwamanda zai iya cire shi gobe da safe ta yaya zai faɗa masa gaskiya? Kuma mutum ya yi shekara 35 ya fita, ɗan abin da zai samu bai kai ya gina gida ba, ga layin fansho, dole ya lallaɓa ya gama lafiya

Manjo Mai Ritaya: An ɗan fara gyarawa. Akwai makarantar waran ofisoshi a Jaji da ake tura su kwas, ana kuma yin babban taron RSM RSM na ƙasa inda shugaban sojan ƙasa ke zama da su, kuma lokacin da Laftanar Janar Faruk Yahaya yake shugaban sojan ƙasa an riƙa ba masu muƙamin AWO motoci Hilux. Ingila ma sai a 2015 suka ƙirƙiro kujerar samanja na rundunar ƙasa gaba ɗaya, Amurka tun 1966 suke da ita.

Gaskiya Ɗaya: Mota ga mutum nawa Yallaɓai? AWO nawa ne a ƙasar gaba ɗaya? Ni maganata dubban waran ofisan da ke gareji da sito da ƙauyukan Zamfara, ba 'yan ƙalilan na sama ba

Maman 'Yan Biyu: wannan kam gaskiya ne, namu na kirkin da na ba ku labari da ya yi ritaya gidan haya ya koma

Admin: Jama'a muhawara tana kyau, a dai ci gaba da girmama juna, kuma don Allah kar wanda ya ambaci sunan bataliya ko sunan wani da ke bakin aiki.

Ɗan Bariki: To Baba tambaya ta ƙarshe, shi waran ofisa ba shi da hanyar da zai tsallaka ya zama hafsa ne? Na taɓa ce wa mahaifina ya nema ya yi shiru bai ba ni amsa ba.

Baba Samanja: Akwai hanya, ana ba manyan sajoji da waran ofisoshi kwamishin in sun cika sharuɗɗa na shekaru da takardu da rahoto mai kyau, su yi kwas su ɗaura anini, da yawa a ɓangaren sito da mulki ake amfani da su. Wasu abokaina sun bi sun kai kyaftin har manjo. Amma ka gane, mutumin da ke tsaye gaban ɗaruruwan sojoji in ya ɗaga murya bariki ya yi tsit, kwamanda na neman shawararsa safe da yamma, in ya tsallaka zai koma laftanar mafi ƙanƙanta a mes ɗin hafsoshi, yaran da ya koya wa fareti su ne manyansa a can. Wani yana ganin ribar albashi da fansho ya tafi kuma ba laifi, iyali ne da shi. Wani kuma ba zai iya ba. Kar ka matsa wa mahaifinka da tambayar, sai dai in kun zauna ka tambaye shi yara nawa ya hana a kora, za ka ji labari.

Gaskiya Ɗaya: Ni dai har yanzu ina nan kan bakata, sai ranar da aka yi dokar da za ta hana kwamanda cire RSM don kawai ya faɗa masa abin da ba ya so, sannan zan yarda kujerar tana da haƙori.

Manjo Mai Ritaya: In ka yi wannan dokar ka yi kwamanda biyu a bataliya ɗaya, kuma soja ba ya tafiya haka. Kwamanda ne za a tuhuma in an rasa rayuka don haka dole ya iya zaɓen wanda zai yi aiki da shi. Inda zan bi ka shi ne a sa cirewar ta bi ta hedikwatar birged da dalili a rubuce, kar ta zama maganar baki.

Na Maraɗi: Yallaɓai to in kwamandan birged ɗin abokin kwas ɗinsa ne fa?

Manjo Mai Ritaya: Yana faruwa. Amma takarda tana zama a fayil, wani zai zo bayansu ya karanta.